Ranar da Doki Ya Zo Na Baya

An shirya wannan jawabi domin malaman yaƙi da jahilci su karanta wa ɗalibansu a Beli da sauran garuruwan ƙasar Rogo da Karaye. Ana so a karanta shi a hankali, a riƙa tsayawa ana tattaunawa.



Maganar yau ta doki ce, amma ba ta ranar da doki ya ci ba. Ranar ci ba ta bukatar malami. Makaɗa suna nan, maroƙa suna nan, kowa ya zama ɗan'uwan mai doki. Maganar yau ta ɗaya ranar ce, wadda aka fi gani amma ba a son faɗa. Ita ce ranar da doki ya zo na baya, ko ya ƙi tashi, ko ya yi tutsu ya kayar da mahayinsa a gaban jama'a.

Ga wani ɗan lissafi. In dawaki 10 suka tashi sukuwa, 1 ne zai ci. Sauran 9 za su koma gida hannu rabbana. Ko ɗan aji ɗaya ya iya wannan lissafi. Ke nan duk mai shiga sukuwa, ranakun faɗuwarsa sun fi na cinsa yawa. Abin mamaki, sai mutum ya yi wata uku yana shirin ci, bai yi ko awa ɗaya yana shirin faɗuwa ba.

Beli garin manoma ne, kamar Zarewa da Fulatan da Gwangwan. Masara da dawa da rake su ne arzikin ƙasar. Yawancin masu doki a nan ba su da barga, ba su da masu yi musu hidima. Manomi ne, ko ɗan kasuwa, ko saurayin da ya tara kuɗin rake ya sayi duƙushi. Shi ke yankan ciyawa, shi ke ɗebo ruwa, shi ke share turke. Harawar da dokin ke ci daga gonarsa ta fito. Dawar da yake ci kuwa daga rumbun da iyali ke ci ake ɗibarta.

Sukuwar ƙauye sau da yawa ba ta da kofi. Bayan hawan Sallah ne, ko hawan angwanci, ko kilisar yamma bayan an kawar da amfanin gona, sai samari su jera dawaki a fako su sake su. Abin da ake ci suna ne. Sunan nan kuwa ya fi kofi nauyi. Wanda aka tsere wa a filin sukuwa na Kano zai hau mota ya tafi garinsu. Wanda aka tsere wa a ƙauye, gobe zai haɗu da wanda ya tsere masa a masallaci, jibi a kasuwa, kuma yara sun riga sun raɗa wa dokinsa suna. Saboda haka zafin yana daɗewa.

TAGUWAR DA BA A TAƁA TSERE WA BA

Sukuwa tsohuwar aba ce. Ya zo a cikin Sahihul Buhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tseren dawaki a Madina. Ya raba su gida biyu. Waɗanda aka horar suka yi doguwar tafiya, kamar mil 5 ko 6. Waɗanda ba a horar ba suka yi gajeriya, kamar mil 1. Abdullahi ɗan Umar yana cikin mahaya, shi ne ya ba da labarin. A riƙe wannan rabo da aka yi, za a dawo kansa.

Akwai wani labarin daga Anas ɗan Malik. Manzon Allah yana da wata taguwa da ake kira Adba'u. Ba a taɓa tsere mata ba. Wata rana wani Balaraben ƙauye ya zo a kan wani ɗan raƙuminsa, aka yi tsere, ya wuce ta. Abin ya yi wa Musulmi ciwo, har aka ga alama a fuskokinsu. Sai Manzon Allah ya nuna musu cewa haka Allah Ya tsara duniya, duk abin da ya ɗaukaka a cikinta wata rana zai sauko.

A duba abin da ba a yi ba a wannan rana. Ba a doki taguwa ba. Ba a ce baƙon ya yi asiri ba. Ba a ce a sake, wancan bai yi ba. Waɗannan abubuwa uku kuwa su ne mahayan yau suka fi yi in rana ta ɓaci.

FUSHI KAN SAUKA A KAN DOKI

Mutum ya sha kunya a gaban jama'a. Ba zai iya dukan 'yan kallo ba. Ba zai iya dukan wanda ya tsere masa ba. Wa ya rage? Dokin da ke ƙarƙashinsa. Sai ya fizgi linzami har bakin doki ya fashe. Sai ya kafa masa ƙaimi, ya bi shi da bulala. Wani ma ya ɗaure shi a rana, ya hana shi abinci, wai don ya yi hankali.

Doki ba ya gane wannan. Bai san an yi gasa ba, balle ya san ya zo na biyar. Abin da ya sani shi ne ya yi gudu iyakar ƙarfinsa, da ya tsaya aka dake shi. In aka maimaita masa haka sau biyu ko uku, ya koyi darasi, amma ba wanda ake so ba. Zai fara tsoron fili da taron jama'a. Da ya ji ganga sai ya fara tabarya, ko ya ja da baya, ko ya kafe. Yawancin dawakin da ake cewa suna da mugun hali, hannun mutum ne ya koya musu.

Wannan ba a ƙauye kaɗai yake faruwa ba. A shekarar 2021 an yi wasannin Olamfik na duniya a birnin Tokiyo, ƙasar Japan. Akwai wata gasa mai wasa biyar, ɗaya daga ciki tsallake shinge a kan doki. Ƙa'idar a lokacin ita ce ba ka zuwa da dokinka. Ƙuri'a ake yi, a ba ka baƙon doki, a ba ka minti 20 ku saba. Wata Bajamushiya mai suna Annika Schleu ita ce a kan gaba. Sai dokin da ya faɗo mata ya tsorata, ya ƙi tsalle. Ta yi ta kuka tana dukansa. Mai koyar da ita ma ta kai wa dokin naushi. Duniya duka tana kallo a talabijin. Dokin bai gyaru ba. Ta faɗo daga ta 1 zuwa ta 31. Aka kori mai koyarwar daga wasannin. Daga baya shugabannin gasar suka yanke cewa bayan wasannin 2024 an cire doki daga cikinta baki ɗaya. Fushin minti biyu ke nan.

AWA TA FARKO

To, me ya kamata mahayi ya yi da zarar an gama? Ya sauka. Wannan shi ne na farko, kuma shi ne mai wuya. Ya sassauta majayi, ya ja dokin da ƙafa a hankali, nesa da 'yan kallo, zuwa inuwa. Wannan tafiya tana sanyaya doki, tana kuma sanyaya zuciyar mai shi. Mutumin da hannunsa ke riƙe da ragama ba shi da hannun kai naushi, kuma ya yi nisa da masu yi masa dariya.

A cire sirdi da zubuka. A zuba wa doki ruwa a wuya da ƙirji da tsakanin ƙafafu, a yi ta zubawa har jikinsa ya huce. A ba shi ruwan sha kaɗan-kaɗan. Kada a ba shi hatsi sai numfashinsa ya kwanta, an yi kamar awa guda ko fiye. Cikin doki ƙarami ne in aka duba girman jikinsa, kuma doki ba ya amai. Abin da ya shiga ya shiga. Shi ya sa ciwon ciki ke saurin kashe shi.

Daga nan sai dubawa. Kamar yadda ake karanta takarda daga sama zuwa ƙasa, haka ake karanta doki. A duba baki, ko linzami ya yanke shi. A duba baya, ko sirdi ya goge shi. A shafa ƙafafu huɗu ɗaya bayan ɗaya, daga gwiwa zuwa ƙofato. A gwada ta dama da ta hagu. In wata ta fi wata zafi, ko ta kumbura ta baya inda jijiya take, to, ga dalilin faɗuwa nan an gani. A ɗaga ƙofato a duba ko ƙaya ko dutse ko ƙusa ta shiga.

Akwai wani gwaji da duk wanda ya iya ƙirga zai iya. A ƙarƙashin muƙamuƙin doki akwai jijiya mai bugawa. A ɗora yatsu a kanta, a duba agogo ko waya, a ƙirga bugun na daƙiƙa 15, a ninka sau 4. Lafiyayyen doki da ke hutawa yakan buga tsakanin 28 da 44 a minti ɗaya. Yana cikin gudu yakan wuce 200. In an yi rabin awa da tsayawa amma har yanzu bugun ya wuce 60, dokin ya jigata fiye da kima, ko kuma yana da ciwo. A nemi malamin dabbobi. Haka in ya ƙi cin abinci, yana waiwayen cikinsa, yana tona ƙasa, yana kwanciya yana birgima. Wannan ba ya jiran gobe. Akwai ofishin kula da dabbobi a ƙaramar hukuma, kuma in abu ya yi tsanani akwai asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Zariya, wanda bai yi wa mutanen Rogo nisa ba.

Ciwon jijiyar ƙafa yana son haƙuri. Maganinsa ruwan sanyi da hutu, kuma hutun na watanni ne, wani lokaci har shekara. Lalas da wuta ba ya ɗinke jijiya, sai dai ya ƙara wa doki miki. Mafi muni shi ne a ɗirka masa allurar kashe zafi a mayar da shi fili don a rama. Allurar tana ɓoye ciwo ne kawai. Dokin zai yi gudu a kan ƙafar da ta lalace har ta ƙarasa. Da yawa dokin da hutun wata shida zai warkar ya ƙare a hannun mahauta saboda gaggawar ramuwa.

IN MAHAYI NE YA FAƊI

A nan ma kunya ce ke kisa. Saurayi ya faɗo, kansa ya bugi ƙasa. Jama'a suka ruga suka ɗaga shi tsaye, suka karkaɗe masa riga, suka ce ai namiji ne, ya koma ya hau. Wannan kuskure ne babba. Wanda ya faɗo yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, ba a ɗaga shi zaune, ba a naɗe shi a kan babur. A kwantar da shi a kan wani abu mai faɗi da tauri, kamar ƙyauren ƙofa, wani ya riƙe kansa kada ya motsa, a kai shi asibiti a mota.

Wanda ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko yake amai, ko ya kasa tuna abin da ya faru, ko barci ke fizgarsa, ya bugu a ƙwaƙwalwa. Ba ya sake hawa a ranar. A kai shi asibiti a Rogo ko Karaye. Karayar da ƙashi ya huda fata, ko wadda ta taɓa ƙugu ko baya, ta fi ƙarfin ɗorin gida. Don irinta aka yi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Rawani ado ne, ba ya tare dutse. 'Yan ƙwallon doki da masu sukuwar birni hular kwano suke sawa, ba wanda ya ce musu matsorata.

NEMAN DALILI

Bayan kwana biyu, zuciya ta huce, sai a zauna neman dalili. A nan ne mutane da yawa ke ɓacewa. Mutum bai duba ƙofato ba, bai duba abinci ba, sai ya ce an yi wa dokinsa sammu. Wai an binne wani abu a hanya, ko wane ya tofa wa dokin wani abu da asuba. Sai a tafi wurin boka. A sayi laya a rataya wa doki, a yi masa turare, ƙusar kuwa tana nan a ƙofato. An bar jaki ana dukan taiki.

Zargin sammu yana da daɗi don yana wanke mai doki. Amma yana da tsada. Yana cin kuɗi, yana raba zumunci, yana sa samarin gari biyu da ke auren juna su riƙa zuwa kilisa da gora da wuƙa. A birnin Kano 'yan sanda sun sha hana kilisa a kan tituna saboda irin wannan rigima. In aka hana, wanda ya ci da wanda ya faɗi duk sun yi asara.

Dalilan gaskiya ba ɓoyayyu ba ne. Na farko rashin shiri. Doki ya yi damina a ɗaure a turke, mai shi yana gona. Saura mako ɗaya Sallah sai a fara cusa masa dawa, a fito da shi a ce ya yi gudu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙiba daban, ƙarfi daban. Doki yana son makonni ana fita da shi, a fara da tafiya, a ƙara da sassarfa, sannan gajeren gudu, ana ƙarawa sannu-sannu. Hatsi ma sannu-sannu ake ƙara shi. Canza abinci farat ɗaya shi ke kawo ciwon ciki.

Na biyu gajiya. A ƙwallon doki, wasan da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya kafa a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a kansa har ƙasashen waje, minti 7 ake yi a tsaya. Mahayi ya sauka ya canza doki. Dawakin sarakuna ke nan, masu cin mai kyau, masu likita a kusa. Shi kuwa dokin ƙauye ranar Sallah tun hantsi yake ɗauke da sirdi da kayan ado. Mai shi ya hau, ƙanensa ya hau, abokin ƙanen ya ɗana. Ba a ba shi ruwan kirki ba, alhali doki yana shan lita 25 zuwa 50 a rana, wato jarka ɗaya zuwa biyu, in ana zafi ma ya fi haka. Da la'asar a ce ya yi tsere da dokin da ya wuni a inuwa. In ya zo na baya ai ya yi ƙoƙari da ya iso.

Na uku shi ne rabon nan da aka yi a Madina. Ba kowane doki ne sa'an kowane ba. A manyan filayen sukuwa ana raba dawaki aji-aji. Ɗan Arewa yana gudu da ɗan Arewa, ɗan Sudan mai dogayen ƙafafu yana gudu da irinsa. Akwai dokin gajeren zango, akwai na dogo. Akwai na ado da rawa wanda ba a halicce shi don gudu ba. Duƙushi ɗan shekara 2 bai gama ƙashi ba, doki sai ya kai kamar shekara 5 yake cika. Haka nauyin mahayi. Ƙato mai kilo 90 da yaro mai kilo 50 ba kaya ɗaya suka ɗora wa dawakinsu ba. Wanda ya kai dokinsa ajin da ba nasa ba, tun a gida ya faɗi.

Sauran ƙananan abubuwa ne masu babbar ɓarna. Tsutsar ciki, kaska, ƙofaton da ya yi tsawo ba a yanke ba, haƙorin da ya yi kaifi yana yankan kumatu, sirdin aro da bai zauna a baya ba. Sai kuma mahayin kansa, wanda ya saki doki tun farko ya ƙare masa numfashi kafin rabin hanya.

LITTAFIN DOKI

Ga inda karatu ya shigo. Mantuwa tana da son kai. Bayan wata uku mutum yakan tuna dariyar da aka yi masa, ya manta cewa dokin ya yi zawo kwana biyu kafin ranar. Takarda ba ta da wannan hali.

Duk ɗalibin da ke da doki, ko yake kula da na wani, ya sayi ƙaramin littafin rubutu ya ware shi. A shafin farko sunan doki, launinsa, ko akawal ne ko kili ko bidi, shekarunsa da ranar da aka saye shi. Daga nan kowace fita layi ɗaya. Kwanan wata. Abin da ya ci. Nisan da ya yi. Bugun jijiyarsa da safe kafin ya ci komai. Ranar da aka ba shi maganin tsutsa da sunan maganin. Ranar da aka yanke ƙofato, domin ana so a duba shi duk bayan mako 6 zuwa 8. Ranar gasa kuma a rubuta wa ya hau, ina aka yi, ƙasa mai tauri ce ko rairayi, na nawa ya zo. Ko da boko, ko da ajami, duk ɗaya ne.

In aka yi shekara ana haka, littafin zai fara magana. Mai doki zai ga cewa duk ranar da aka yi gudu a kan tsakuwa dokinsa yana ɗingishi washegari. Ko ya ga yana ci in gajeren zango ne, yana faɗuwa in dogo ne. Ko ya ga jijiyar da ta saba buga 36 yau ta buga 50, ya gane akwai zazzaɓi, ya bar dokin a gida, ya tsira da shi. In malamin dabbobi ya zo kuma ba sai an yi ta "ina jin" da "kamar dai" ba. A miƙa masa littafi.

A bayan littafin a buɗe shafin kuɗi. A ce doki yana cin kwano 1 na dawa a rana. A shekara kwano 365 ke nan. In buhu kwano 40 ne, ya haura buhu 9. Ba a sa harawa da dusa da kanwa da magani ba. Wanda ya san wannan lissafi ba zai ci bashi ya sayo doki na biyu don ya rama faɗuwar yamma ɗaya ba. Ba kuma zai kai dokinsa kasuwa washegari cikin fushi ba. Dillalai sun san fuskar wanda aka tsere wa, kuma sun san yadda ake taya shi. Wanda zai sayar ya bari a yi wata guda. Batun sa kuɗi a kan doki kuwa gajere ne. Caca ce, addini ya hana, kuma ita ce ke mayar da faɗuwar wasa ta zama faɗuwar gida. Uwargida da yara ba su hau ba, bai kamata tuwonsu ya ragu ba.

WADDA BA LAIFIN KOWA BA

Akwai ranar da mutum ya yi komai daidai amma ta ɓaci. A 2020 an fasa hawan Sallah a Kano saboda annobar korona. A Babbar Sallar 2024 'yan sanda sun hana hawa saboda rikicin sarauta, haka kuma a 2025. A watan Disamba na 2024 ɗin ne hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun da duniya ke taƙama da su, ga kuma dawaki a ɗaure. Masu doki da masu ɗinkin kayan doki da masu sayar da harawa sun kashe kuɗi, sun yi shiri, ba su fita ba. Kafin wannan, daga ƙarshen 2018 zuwa 2019, wata murar dawaki da jakuna ta ɓulla a Jihar Sakkwato da Jamhuriyar Nijar, ta kashe dabbobi da yawa, musamman jakuna. A irin wannan lokaci dabara ita ce a ware baƙon doki daga na gida na kamar mako biyu, kada su sha a kwatarniya ɗaya.

Wani lokaci kuma ko likita ba ya gano dalili. A watan Fabrairu na 1956 an yi wa Sarauniya Elizabeth ta Ingila gagarumin hawa a Kaduna. Wata biyu bai cika ba, ranar 24 ga Maris, aka yi babbar sukuwar tsallake shinge ta Ingila kusa da birnin Libaful. Tsawonta ya wuce mil 4, shingenta 30. Mahaifiyar Sarauniya tana da doki a ciki mai suna Devon Loch. Ya tsallake shinge 30 ɗin duka. Yana kan gaba, saura kamar yadi 40 ya ci, jama'a sun fara ihu. Sai kawai ya yi wani ɗan tsalle inda babu shinge, ya faɗi rub da ciki. Na bayansa ya wuce. Aka duba dokin, ba a sami ciwo ba. Wasu suka ce ihun jama'a ne ya firgita shi, wasu suka ce inuwa ya gani, wasu suka ce jijiya ce ta riƙe. Har yau ba a daidaita ba. Mai dokin ba ta zargi kowa ba, ta nuna cewa sukuwa ta gaji haka.

Mahayin sunansa Dick Francis. Ya ci sukuwa fiye da 350 a rayuwarsa, amma bai taɓa cin wannan babbar ba. A 1957 ya bar hawa saboda yawan faɗuwa da rauni. Yana ɗan shekara 15 ya bar makaranta. Duk da haka ya ɗauki alƙalami, ya rubuta labarin rayuwarsa, ya yi shekaru yana rubuta labarin sukuwa a jarida, sannan ya rubuta littattafan ƙagaggun labarai fiye da 40, kusan dukkansu a kan dawaki. Ya rasu a 2010.

KOMAWA KAN SIRDI

Saura magana ɗaya, ta iyaye da manyan mahaya. Yaron da doki ya kayar yakan kamu da tsoro, ko da bai faɗa ba. Alamarsa ita ce ya fara kawo uzuri, yau ciwon kai, gobe aike. In ya hau kuma sai ya ƙanƙame linzami, ya matse ƙafafu. Doki yana jin wannan a jikinsa, shi ma sai ya tsorata, a sake faɗuwa. Gori ba ya cire tsoro. "Kai ba ɗan babanka ba ne" ta raba yara da yawa da doki har abada, wasu kuma ta tura su shan ƙwaya don su sami ƙarfin hali na ƙarya.

Abin da ke aiki shi ne a koma baya kaɗan. In jikin yaro ya warke, a ba shi tsohon doki mai sanyin hali. A fita da sassafe, ba ganga, ba 'yan kallo. Babba ya riƙe ragama, a yi tafiya kawai. Gobe a ƙara sassarfa. Kada a ambaci gudu sai shi ya nema. Babban da ke riƙe da ragamar ya ba shi labarin tasa faɗuwar, da wurin da aka yi, da sunan dokin, domin duk wanda ya daɗe yana hawa yana da irin wannan labari. Shi ma dokin da ya firgita haka ake yi masa. A riƙa kai shi filin da abin ya faru ranar da babu kowa, a bar shi ya yi kiwo a wurin, a dawo da shi gida.

Malamai su tambayi ɗalibai masu doki su zo da littafin rubutu a darasi na gaba, a ja musu layukan shafin farko a allo. Wanda ba shi da doki ya yi na jakinsa ko na shanun hudarsa, layukan iri ɗaya ne.